Tambayar da Aka Sauya

"Sake gwadawa," in ji Dakta Mokhlesur.

Dilruba ta sake danna maɓallin. Fankar sama na juyawa da ƙyar, tana ɗaga gefen takardun da ke kan tebur. Kwamfutar ta yi ɗan jim, sannan ta fito da abin da ta fito da shi jiya da shekaranjiya: layi biyu, ja da shuɗi, suna tafe a manne da juna. Jan layin yaran gidajen da aka ba sabon murhu mai bututun hayaƙi ne. Shuɗin kuma yaran gidajen da suka ci gaba da girki a tsohon murhun laka. Nimoniya, ciwon huhun nan, ta kama waɗannan kamar yadda ta kama waɗancan.

"Babu bambanci, Sar," ta ce, ba ta ɗago kai ba.

"Ina da ido."

Shi ne shugaban wannan ƙaramar cibiyar binciken lafiya da ke Rangpur, ƙasar Bangladesh, a saman wani shagon sayar da taki. Shi ya ɗauke ta aiki tana gama jami'a, shi ya koya mata duk abin da ta sani. Yanzu yana tsaye a bayanta, ƙamshin ganyen goron da yake taunawa ya cika mata hanci. Shekara uku suka yi a kan murhun nan. An bi ƙauyukan bakin kogin Tista gida gida, an jefa ƙuri'a, wasu sun samu murhu wasu ba su samu ba. Mata ma'aikata sun sha tafiya cikin laka suna ɗaga rigunan yara suna duba numfashinsu. Ga ƙarshen abin a kan allo.

Tuhin, abokin aikinta da ke teburin gefe, ya juyo da kujerarsa. "Sar, ni shawarata a kai kwamfutar nan wurin limamin unguwa ya yi mata tofi. Wataƙila layukan su rabu."

Babu wanda ya yi dariya.

"Kai me ka samo?" Dakta ya tambaye shi.

"Na yi musu yankan kifi, Sar. Na raba maza da mata, babu. Na raba damina da rani, babu. Na ware na wannan gaɓar kogi da na waccan, babu. Sai da na gangara can ƙasa, cikin ƙananan tambayoyin nan, na tarar da idanun iyaye mata. Masu sabon murhu ba sa kukan zafin ido kamar sauran. Nan kam layukan sun rabu, kamar surukai."

Dakta ya sunkuya ya duba allon Tuhin. Ya daɗe yana kallo. Da ya miƙe, fuskarsa ta saki.

"To ga shi nan. Murhu yana kare idanun mata. Wannan ba sakamako ba ne?"

"Sakamako ne, Sar," in ji Dilruba. Muryarta ta yi ƙasa har sai da ya karkato kunne. "Amma ba shi muka ce za mu nema ba."

Kowa a ofishin ya san abin da take nufi. Tun kafin a kai murhu ko ɗaya ƙauye, ita da hannunta ta shiga wani shafin intanet inda masu bincike daga ko'ina suke yin rajistar aikinsu kafin su fara. Ta rubuta babbar tambayarsu a sama: shin sabon murhu zai rage wa ƙananan yara nimoniya? Ta rubuta yadda za a auna. Zafin ido yana can ƙasa, cikin tarin ƙananan tambayoyin da aka ce za a leƙa in an samu dama. Duk wanda ya so, daga kowace ƙasa, yana iya buɗe shafin ya karanta. Da sunanta aka buɗe rajistar, domin Dakta ba ya taɓa kwamfuta. Shi dai ya faɗa, wani ya buga.

Kuma shi ne ya sa su yin rajistar. Ba ta manta ranar ba. Ya dawo daga wani taro a ƙasar waje da zumuɗi, ya tara su duka, har da matan da ke zuwa ƙauye. Ya ce su ɗauka masunci ne ya fita da asuba yana cika baki zai kamo babban kifi. Ya yini yana jefa taru, ya dawo da ɗan jatan lande a ƙasan kwando, ya ce wa mutane ai dama shi ya fita nema. In ba wanda ya ji cika bakinsa na asuba, wa zai ƙaryata shi? Haka masu bincike suke yi, in ji shi. Suna tambaya da yawa, dole ɗaya ta fito da kyau ko da bisa sa'a, sai su ɗauke ta su ce ita ce manufar. Maganin abin shi ne mutum ya faɗi kifin da zai kama a gaban jama'a tun kafin ya shiga jirgi. Ranar Dilruba ta koma gida tana jin ta shiga sana'ar da babu ƙarya a cikinta.

"Zo ofishina," in ji Dakta.

Ya sa an kawo shayi da samosa. Ya tura mata farantin da kansa. Ta zauna a bakin kujera, ta gyara mayafinta, ba ta taɓa komai ba.

"Ma," ya ce. Haka yake kiranta in yana so ta ji kamar 'yarsa ce. "Gobe mutanen Dhaka za su zo, waɗanda suka ɗauki nauyin aikin. Kafin su zo za su buɗe shafin nan. Ina so ki shiga ki ɗan gyara. Ki ɗora ido a sama, nimoniya ta sauko ƙasa. Ba mu share komai ba, ba mu ƙirƙiri lamba ba. Jeri kawai."

"Sar, za mu iya rubuta su duka biyun. Mu ce abin da muka nema bai fito ba, amma mun ga alamar wani abu a ido, a sake bincikarsa."

"A wace mujallar?" Ya nuna mata dogon kabad ɗin ƙarfe da ke bayan ƙofa, wanda tsatsa ta cinye ƙafafunsa. "Kin san me ke ciki? Aikin gishiri, aikin sabulu, aikin rijiyoyi. Duk aiki ne mai kyau, duk gaskiya ne. Ba su samu komai ba, sai mujallu suka dawo mana da su da godiya. Yanzu kyankyasai ne kaɗai ke karanta su. Edita yana son labari, Ma. Babu bambanci ba labari ba ne."

"Shafin yana ajiye tarihi, Sar. Duk abin da aka sauya, yana nuna rana da sunan wanda ya sauya."

"Wani ɗan maɓalli ne a can gefe, ko? Wa ke danna shi?"

Ta sunkuyar da kai, shi kuwa ya ci gaba.

"Ni na koya miki wannan abin, na sani. Kuma abu ne mai kyau. Ga waɗanda suka ƙoshi. Mutumin da ya yi mana lacca a taron nan, in aikinsa bai fito ba, jami'arsa ba za ta rufe ba. Mu fa? In na ce wa mutanen gobe babu bambanci, za su sha shayi su yaba gaskiyarmu su tafi, ba za su dawo ba. Sai ki je da bakinki ki gaya wa matan nan da suka lalata ƙafafunsu a laka cewa aiki ya ƙare." Ya kurɓi shayi. "Kuma murhun ba ya cutar da kowa. Yana rage itace. Yana kare ido. Ina laifin a raba wa mutane shi?"

"Mutanen ƙauye ba don ido suka karɓa ba, Sar. Mun ce musu don yara ne."

"Mun ce musu muna gwadawa."

Gaskiyarsa, haka aka rubuta a takardar da suka dangwala wa yatsa. Amma Dilruba ta san abin da suka ji.

Tana so ta ce a'a. Tun tana ƙarama ba ta taɓa ce wa babba a'a ido da ido ba, balle mutumin da ya je jana'izar mahaifinta ya tsaya a sahun gaba. Abin da ya fito shi ne, "Bari in yi tunani, Sar."

"Yi tunani. Amma kafin a tashi."

Tana fitowa wayarta ta yi ƙara. Yayarta ce, Shefali. Ɗanta Labib ya kwana yana tari, da safe ƙirjinsa ya fara shiga ciki in ya ja numfashi. Suna asibitin ƙaramar hukuma, an sa masa bututun iska.

Dilruba ta ɗauki jaka. Har ta kai ƙofa ta dawo, ta zauna, ta buɗe shafin rajistar, ta shiga wurin sauya kalmar sirri. A ofishin nan kalmar sirri ɗaya ce ga komai da kowa, sunan unguwar da aka haifi Dakta. Shi ya zaɓa. Ya kan ce su 'yan gida ɗaya ne, 'yan gida ɗaya kuma ba sa kulle wa juna ɗaki. Ta ɗora yatsu a kan haruffa. In ta sauya, tamkar ta ce masa ɓarawo ne. Kuma ai roƙonta ya yi, bai umarce ta ba, har da shayi. Ta ji kunyar kanta da ma ta yi tunanin. Ta rufe shafin ta tashi.

"Apa, a gaida mai jiki," in ji Tuhin, da kiran girmamawa da ake yi wa yaya mace. "In kin ga samosar nan ta ɓata, ba ni ba ne."

Motar ta cika maƙil. Ta samu rabin kujera a ɓangaren mata, kusa da wata mai kwandon agwagi. An yi ruwa da safe, gonakin shinkafa sun zama tafki, mutane na shanya karan rama a gefen titi suna jingina shi da bishiyoyi. Duk hanyar tana shirya maganar da za ta faɗa wa Dakta, tana rushewa.

Ɗakin yara ya cika har baranda. Wasu a gado bibbiyu, wasu a tabarma. Ta hango Shefali a ƙarshen ɗaki, zaune a gefen gado tana yi wa Labib fifita da kwali. Yaron bai cika shekara biyu ba. Ya yi barci da baki buɗe, siririn bututu a hancinsa, haƙarƙarinsa na fitowa suna komawa.

"Ga malamar kwamfuta nan," in ji Shefali. Idanunta sun kumbura amma ta yi murmushi. "Kin zo hannu rabbana? Ko ayaba?"

"Apa, sauri nake. Me likita ya ce?"

"Nimoniya. An yi masa allura, wai zai sauka. Babansa ya tafi neman wani maganin a waje." Ta matsa mata wuri. "Dilu, kin rame. Ba sa ba ku abinci a ofishin nan sai lamba?"

Gidan Shefali yana cikin waɗanda ƙuri'a ta faɗa musu. Ranar da aka kafa murhun, ta dafa shinkafa da madara ta raba wa maƙwabta. A da tsakar gida take girki in ba ruwa ake yi ba, da busasshen kashin shanu da karan rama, yara na can nesa suna wasa. Sabon murhun kuwa a ɗakin girki aka gina shi, ba ya ɗaukuwa. Tun daga nan ta koma ciki, Labib a cinyarta ko a gefen ƙafarta, tunda an ce hayaƙin ta bututu yake fita.

Matar gadon kusa, wata siririya mai koren sari, ta daɗe tana kallonsu. 'Yarta na kwance a jikinta tana tari ƙasa-ƙasa.

"Ƙanwata ce," Shefali ta ce mata, har da ɗaga murya. "Ita ce wadda na gaya miki. Su ne masu murhun."

Matar ta gyara zama da sauri. "Apa, don Allah ina ake rubuta suna? Wannan karo na uku ke nan da muke kwanciya a nan. An ce wanda ke da murhun nan yaransa ba sa tari. Mijina ya ce in na sayarwa ne ma, zai sayar da akuya."

Dilruba ta dubi Labib, ta dubi bututun da ke hancinsa. Shefali ta gane abin da ta duba.

"A'a, wannan ba laifin murhu ba ne," ta yi maza ta ce. "Ruwa ne ya dake shi ranar kasuwa. Da ba don murhun ba ma, wa ya san yadda abin zai kai? Ko ba haka ba, Dilu? Kun gama ƙidayar taku ai. Yana aiki, ko?"

Mata biyu suna kallonta. Wata tsohuwa a tabarma ita ma ta juyo.

"Ba a gama ba tukuna," in ji Dilruba.

Ta ji ɗacin maganar a bakinta. Ta ce za ta samo ruwa, ta fita baranda. Ta tsaya kusa da wani famfo da ke ɗiga, tana kallon keken haya na sauke wata mata da yaro a kafaɗa. In takardar ta fita da ido a sama, babu wanda zai karanta layin ƙasa. Mutanen Dhaka za su ce murhu ya yi nasara. Za a buga hotonsa a bango da uwa da jariri suna dariya, domin haka ake buga irin hotunan. Mai koren sari za ta sayar da akuyarta.

Ta fito da waya kafin ƙarfin halin ya gudu. A waya ba ta ganin idon Dakta.

"Sar, ni ce. Ku yi haƙuri. Ba zan iya sauyawa ba." Ta ja numfashi. "Sunana ne a kai, Sar. Ba zan iya ba."

Ta jira faɗa. Tana jin ƙarar fankar ofis ta cikin wayar.

"Shi ke nan, Ma," in ji Dakta, a tausashe. "Na fahimta. Kada ki sa wannan a ranki. Ya jikin yaron?"

"Da sauƙi, Sar."

"Ki kula da shi. In ana buƙatar wani likita ki gaya mini, ina da mutane a babban asibiti."

Ta kashe wayar. Hawaye suka zo mata, na sauƙi. Ta zargi kanta da ta taɓa tunanin kulle masa shafi. Ta sayo ayaba da ruwan kwakwa a bakin ƙofa, ta zauna da yayarta har Labib ya farka ya sha nono kaɗan. Ba ta ce komai game da murhun ba. Ta ce a ranta sai takarda ta fita, ta faɗa da hujja a hannu.

Bayan la'asar ta koma ofis, tana so ta shirya zanen layukan biyu yadda mutanen gobe za su gane. Tun daga matakala ta ji ana hira. A kan teburin tsakiya akwai buɗaɗɗen kwalin alewar madara, irin wadda ake rabawa in an ci jarrabawa ko an yi haihuwa. An cinye fiye da rabi.

"Wa ya haihu?" ta tambaya.

Tuhin bai juyo ba. Ya ƙura wa allonsa ido kamar mai karatun jarrabawa. "Sar ne ya saya."

Ta zauna. Ba ta shiga da kalmar sirri ba, ta buɗe shafin yadda kowane baƙo zai gan shi. Ta karanta layin sama. Babbar tambaya: shin sabon murhu zai rage wa iyaye mata zafin ido? Ta gangara ƙasa. Nimoniya tana can, tsakanin ciwon kai da yawan itacen da ake ƙonawa.

Ta kai hannu ga ɗan maɓallin gefe ta danna. Tarihin ya buɗe. Rubutun farko yana nan da tsohuwar ranarsa. A ƙarƙashinsa sabon, da ranar yau. Wanda ya sauya: Dilruba Khanom. Ta duba lokacin. Kafin azahar ne. A lokacin tana cikin mota kusa da kwandon agwagi. Sa'ad da ta tsaya a barandar asibiti tana tattara ƙarfin hali, an riga an gama.

"Tuhin."

"Apa."

"Juyo ka dube ni."

Ya juyo, amma ƙafarta yake kallo. "Apa, ni yatsa ne kawai. Ya tsaya a kaina ya faɗa, na buga. Me kike so in ce masa? Ke da kike 'yar gaban goshi ma tunani kika ce za ki yi."

"Da sunana."

"Shafin ne ke sa sunan da kansa. Wallahi na nemi inda zan cire, babu." Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Ai kin san abin, an yi shi ne don kada a yi ƙarya."

Ta koma wurin shiga, ta buga sunan unguwar da aka haifi Dakta. Shafin ya ƙi. Ta sake bugawa a hankali, harafi bayan harafi. Ya ƙi.

"An sauya," in ji Tuhin, murya ƙasa. "Sar ya ce bai dace dukan ofis su riƙa amfani da kalma ɗaya ba. Wai ba tsaro."

Ƙofar ofishin Dakta ta buɗe. Ya fito da jakarsa a hannu, ya tsefe gashi, zai tafi. Da ya gan ta ya faɗaɗa fuska.

"Ma, kin dawo? Na ce ki zauna da yaron." Ya ɗauki alewa ɗaya daga kwalin, ya ɗora a kan 'yar takarda, ya ajiye a gabanta. Ya ga abin da ke kan allonta, bai kau da kai ba. "Na ɗauke miki nauyi. Kin ce ba za ki iya ba, kuma ba ki yi ba. Tsakaninki da Allah hannunki tsaf yake."

"Sar, kun ce kun fahimta."

"Na fahimta mana. Ni ma na taɓa zama shekarunki." Ya gyara riƙon jakar. "Kuma na yanke shawara. A takardar da za mu aika mujalla, sunanki ne zai zo farko. Kin cancanta, ke kika yi wahalar. Wannan zai buɗe miki ƙofar karatu a waje. Gobe ki sa sari mai kyau, ke za ki yi wa baƙi bayani."

Ya sauka. Suna jin takunsa a matakala, sannan gaisuwarsa da mai shagon taki.

Tuhin ya tattara kayansa ba tare da wasa ko ɗaya ba. A bakin ƙofa ya tsaya. "Apa, babu mai danna maɓallin nan. Da gaske."

"In an danna fa?"

Ya juya ya sauka matakala.

Ta zauna ita kaɗai. A allo rubutun biyu suna nan, na da da na yau, sunanta a jikin kowanne. Abin ya yi aikin da aka gina shi ya yi, bai ɓoye komai ba. Wanda duk ya duba zai ga an sauya tambaya bayan an ga amsa, zai kuma ga wadda ta sauya. Ta ɗauki alewar da takardarta, ta rasa inda za ta kai ta, ta ɗora a saman kabad ɗin ƙarfe. Tururuwa sun riga sun san hanyar wurin.

Ta fita ƙaramar barandar da ke kallon titi. Masu keken haya na ta buga ƙararrawa, hayaƙin masu suyar yamma ya fara tashi. Ta kira Shefali.

"Dilu? Ya ci ayabar, rabin guda. Zazzaɓin ma ya sauka."

"Alhamdu lillahi. Apa, saurara. Ɗazu na ce miki ba a gama ba. An gama."

"To?"

"Murhun ba ya hana nimoniya. Yaran masu shi da yaran marasa shi duk ɗaya ne. Yana rage itace, wataƙila yana taimakon ido. Iyakarsa ke nan. In kun koma gida kada ki ƙara zama da Labib a ɗakin girki. Ki ba kakarsa shi har ki sauke."

Ana jin kukan wani yaro a bayan Shefali, da ƙarar bokiti.

"Tun yaushe kika sani?"

"Kwana biyu ke nan."

"Kika zauna a gefen gadonsa kika ce mini ba a gama ba."

Dilruba ta riƙe ƙarfen barandar.

"Ni da na raba shinkafa da madara," in ji Shefali. Ba faɗa a muryarta, gajiya ce kawai. "Duk ƙauye na ce musu ƙanwata ce. To yanzu za ku faɗa a rediyo, ko yaya ake yi?"

"Ban sani ba, Apa. Wataƙila ki ji an faɗi wani abu dabam. Har da sunana a ciki."

"Ban gane ba."

"Zan yi miki bayani. Matar nan mai koren sari, tana nan?"

"Tana nan. Mijinta ya zo, suna maganar akuyar."

"Ba ta wayar," in ji Dilruba.